Gidan Tarihin Karkara: A Ajiye Garma, A Ajiye Labarin Gumin Mai Ita

Takobin sarki ba ya ɓata. Ko masarauta ta rushe, za a samu wanda zai naɗe shi a ƙyalle ya ɓoye, jikoki su gada, wata rana ya ƙare a akwatin gilashi da sunan mai shi a rubuce. Garmar manomi kuwa aiki ne yake cinye ta. Baki ya dakushe a kai wa maƙeri, ƙota ta karye a sake wata, ranar da ta gama amfani a sarrafa ƙarfen ya zama wuƙa, itacen ya shiga murhu. Haka kayan talakan karkara suke tafiya a ko'ina cikin duniya, domin mai su ba shi da sararin ajiye abin da ya daina yi masa aiki. Shi ya sa in ka zagaya manyan gidajen tarihi za ka ɗauka mutanen dā duk sarakuna ne da mayaƙa da attajirai, alhali mafi yawansu noma suka yi da kiwo da su da saƙa, suka ɗebi ruwa, suka sari itace, suka bar duniya ba wanda ya rubuta sunansu.

Gidan tarihin rayuwar karkara, wanda yanki guda yake kafawa don ya tara kayan aikin mutanensa da ɗakunansu da suturarsu, shi ne maganin wannan gibi. Ina goyon bayan a kafa shi, kuma ina goyon bayan a kashe masa kuɗin jama'a. Sai dai goyon bayan nawa da sharaɗi, domin irin wannan gida yana da wata cuta da take bin sa tun ranar da aka fara yin sa: yakan wanke rayuwar ƙauye tas, ya shafa mata mai, ya nuna wa baƙi wani zaman da ba a taɓa yi ba. Gidan da ya yi haka ya ɓatar da manomin sau biyu, na farko da kayansa suka salwanta, na biyu da aka yi ƙarya da sunansa.

Kusan duk inda aka kafa irin wannan gida, firgita ce ta kafa shi. A 1872 wani malamin harshe ɗan ƙasar Suwidin, Artur Hazelius, ya zagaya lardin Dalarna ya ga yadda kayan masana'anta da jirgin ƙasa suke korar abin da mutane suke yi da hannunsu. Ya fara saye, kuma abu na farko da ya shiga hannunsa siket ne na ulu, saƙar gida. A 1873 ya buɗe wurin nuna abin da ya tara a Stockholm. Daga baya ya ga cewa cokali da kujera a cikin akwati ba sa ba da labari, sai ya shiga sayen gidaje ɗungurungum, ana kwance su katako bayan katako, ana kai su wani tudu a tsibirin Djurgården ana sake haɗawa. Wannan shi ne Skansen, wanda aka buɗe a 1891, kuma daga gare shi sauran suka ɗauki darasi: Norway a 1894, Denmak a 1897, Holan a Arnhem cikin shekarun 1910, Romaniya a Bukares a 1936, Wales a St Fagans a 1948.

A Ingila ma haka abin ya kasance. Jami'ar Reading ta kafa gidan tarihin rayuwar karkara a 1951, daidai lokacin da tarakta take korar doki daga gona, amalanken itace suna ruɓewa a bayan shinge. A arewa maso gabashin ƙasar, wani ma'aikacin gidan tarihi, Frank Atkinson, ya ga cewa in ya tsaya zaɓe, kafin ya gama tunani kayan sun tafi bola, sai ya ɗauki tsarin karɓar duk abin da aka kawo masa, har ya cika ɗakunan wani tsohon sansanin soja. Wannan tari ne ya zama gidan tarihin Beamish a 1970. Masu ilimin adana kaya suna iya kushe wannan tsari, kuma suna da hujja, don wanda ya tara komai sai ya kula da komai. Amma ya fahimci abin da da yawa ba su fahimta ba: tsakanin ranar da abu ya cika kowane gida da ranar da za a neme shi a rasa, shekarun ba su wuce na rayuwar mutum ɗaya ba, wani lokaci ma rabinta.

Wannan gaggawa ba ta ƙare ba, wuri kawai ta sauya. A 1950 kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen duniya ne suke zaune a birane. Wajen 2007 mazauna birni suka rinjayi mazauna karkara a karon farko a tarihi, kuma hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne za su kai kashi 68 cikin ɗari a 2050. Abin da Turai ta yi a shekara ɗari, yankuna da yawa na Asiya da Afirka da Kudancin Amurka suna yin sa a shekara talatin. Roba ta maye gurbin yumɓu da duma, injin ya maye gurbin dutsen niƙa, babur ya maye gurbin dabba. Ba na kukan wannan, kuma duk wanda yake kukansa a tambaye shi ko shi ne yake durƙuso gaban dutsen tun asuba. Abin da nake cewa shi ne, yankin da ya jira sai ya yi arziki kafin ya fara tarawa, ihu bayan hari zai yi.

To me ya sa na yanki, ba na ƙasa baki ɗaya ba? Domin rayuwar karkara ba ta san iyakar ƙasa ba, ƙasar noma ta sani da ruwan sama da irin itacen da yake tsirowa. Garmar da take aiki a jigawa ba ita take aiki a laka ba. Rufin da ya dace da inda ake kwana ana ruwa ba shi ya dace da inda iska take ɗauke komai ba. Tsawon ƙota, lanƙwasar lauje, faɗin bakin tulu, tsayin ƙafar rumbu daga ƙasa, kowanne amsa ce ga wata matsala ta takamaiman wuri. In aka kwashe su aka kai babban birni aka jera, sai su koma samfuri: ga garma guda ɗaya, wai ita ce garmar ƙasar. Kuma mutanen da za su iya gane su, su ce wannan ba haka ake riƙe ta ba, ba su da kuɗin motar zuwa. Faransa ta gwada tara komai a Paris. Georges Henri Rivière ya kafa gidan tarihin fasahohi da al'adun jama'a a 1937, ya samu sabon gini a 1972, masana suka yaba ƙwarai, amma masu ziyara suka yi ta raguwa har aka rufe shi a 2005, aka kwashe kayan zuwa wani sabon gida a Marseille da aka buɗe a 2013. Shi kansa Rivière da abokin aikinsa Hugues de Varine su ne suka yaɗa tunanin cewa a bar kaya a inda suka rayu, mazauna wurin su zama masu kula da su.

Yanzu ga cutar da na ambata.

Shiga irin waɗannan wurare ka gani. Ɗaki a share, gado a gyare, tukwane a jere suna ƙyalli, wata budurwa sanye da kayan biki tana kaɗi tana murmushi. Ba hayaƙi, ba ƙuda, ba warin garke, ba yaro mai tari. Amma murhun da yake cikin ɗakin nan, a lokacin da yake aiki, kisa yake yi a hankali. Har yau sama da mutum biliyan 2 suna girki da itace ko gawayi ko kashin dabba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Gidan tarihin da ya nuna murhu bai faɗi wannan ba, rabin murhu ya nuna. Haka tulu: kyansa a ido daban, nauyinsa a ka bayan tafiyar sa'a guda daban. Haka shimfiɗar jariri, wadda ba za ta gaya maka jarirai nawa aka kwantar a cikinta ba su kai shekara biyar ba sai in wani ya rubuta.

Suwidin ɗin da Hazelius yake tattara kyawunta, shekaru kaɗan kafin ya fara ta sha yunwa mai tsanani daga 1867 zuwa 1869, kuma tsakanin tsakiyar ƙarni na 19 da 1930 mutanenta sama da miliyan ɗaya suka tsallaka teku zuwa Amurka. Mutum ba ya barin aljanna ya hau jirgin ruwa. A manyan gonakin ƙasar akwai wani rukunin 'yan ƙwadago da ake ɗauka da iyalinsu shekara shekara, a biya su galibi da hatsi da madara da wurin kwana, matansu kuma dole su yi tatsar shanun mai gona safe da yamma. Sai a 1945 aka soke wannan tsari. Skansen ya yi shekara fiye da 70 yana nuna gidajen manoma masu hali kafin a kawo masa jerin ɗakunan waɗannan 'yan ƙwadago a shekarun 1960. Dalilin jinkirin a fili yake. Gidan mai hali shi ne mai sassaƙa a ƙofa, shi ne aka gina da katako mai kyau har ya daɗe, shi ne mai tarawa yake sha'awa. Bukkar ɗan ƙwadago ba ta jiran mai tarawa, kuma ko ta jira ba ta burge shi. Ka ga ke nan ko a cikin gidan da aka kafa don talaka, talakan talakawa yana iya rasa wuri.

Wani zai ce ai ba laifi ba ne a nuna wa yara abin alfahari, duniya ta ishe su da baƙin labari. Na ji wannan, amma ban yarda ba. Alfaharin gaskiya yana cikin wahalar. Abin mamaki game da kakannin kowa shi ne da waɗannan 'yan kayan suka ciyar da gida, suka tsallake fari, suka san wace ƙasa za a huta da ita bana, suka adana iri daga ɓera da ƙwaro har damina ta zagayo. In ka cire yunwa daga labarin, rumbu ya zama ado kawai, hikimar wanda ya ɗaga shi daga ƙasa ya toshe bakinsa ta ɓace. Yaron da aka nuna wa ƙauye mai daɗi zalla zai fita da tambayar da ba a ba shi amsarta ba: to me ya sa kowa ya gudu? In kuwa ya san amsar da kansa, don ya ji daga bakin tsofaffinsa, sai ya gane gidan tarihin wasan kwaikwayo ne, ya daina ɗaukarsa da muhimmanci.

Akwai kuma abin da ya fi kwalliya haɗari, wato hannun masu mulki. Gwamnatoci suna son ƙauyen da yake cikin shinge, don ba ya neman hanya ko asibiti, ba ya kuma ƙin biyan haraji. Koriya ta Kudu ta buɗe ƙauyen gargajiya na Yongin a 1974, a tsakiyar shirin sabunta ƙauyuka da shugaban ƙasar Park Chung-hee ya ƙaddamar a 1970, shirin da ya sa aka yaye jinkar ciyawa daga gidajen manoma a faɗin ƙasar aka maye ta da kwano da tayil. A Romaniya, gidan tarihin ƙauye na Bukares yana nan yana karɓar baƙi a 1988 lokacin da shugaba Nicolae Ceaușescu ya bayyana shirin shafe kusan rabin ƙauyukan ƙasar, waɗanda yawansu ya kai kimanin 13,000, a tura mutanensu gidajen bene. Faɗuwarsa a 1989 ce ta tsayar da abin. A Tanzaniya an kafa gidan tarihin ƙauye a Darussalam a shekarun 1960, ana nuna ginin ƙabilu daban daban, sannan daga 1973 zuwa 1976 aka tashi miliyoyin mutane daga matsugunansu aka tara su a sababbin ƙauyukan gwamnati. Waɗannan shirye-shirye uku ba ɗaya ba ne, kuma manoman Koriya da yawa sun yi murna da rufin da ba ya yoyo. Laifin ma ba na ma'aikatan gidajen tarihin ba ne. Amma darasin a bayyane yake: hukuma tana iya rungumar hoton manomi da hannu ɗaya tana ture manomin da ɗayan. A Jamus ta zamanin Nazi an kai abin ƙarshe, aka mayar da manomi da suturarsa hujjar tsarkin jini.

Sannan ga layin da bai kamata a manta da shi ba, tsakanin nuna rayuwa da nuna mutane. A 1897 Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya sa aka kawo 'yan Kwango 267 aka zaunar da su a ƙauyukan kallo a Tervuren, bakwai daga cikinsu suka mutu a can. A 1958, a baje kolin duniya na Brussels, an sake kafa ƙauyen Kwango ana kallon mutane ta bayan shinge. Skansen ma a farkonsa ya kawo 'yan ƙabilar Sami na arewacin ƙasar da barewarsu suka zauna ana kallonsu. Duk lokacin da aka ɗauko tsohuwa aka zaunar da ita gaban baƙi tana saƙa ana ɗaukar hotonta, sai a tambaya: ma'aikaciya ce mai albashi da suna da damar yin magana, ko kuwa ita ma tana cikin kayan da aka jera?

Duk da haka akwai waɗanda suka gano hanya, kuma hanyar ba ta da wani sirri. Misalin da ya fi burge ni yana St Fagans, kusa da Cardiff. Sun kwaso jerin gidaje shida na ma'aikatan ƙarfe daga Merthyr Tydfil, masu fasali iri ɗaya, suka gyara kowanne a kan wata shekara: 1805, 1855, 1895, 1925, 1955, 1985. Kana fita daga wannan ƙofa ka shiga ta gaba, ka ga tagar da a dā ba a buɗe ta, ka ga fitila ta sauya, ka ga ruwan famfo ya shigo, ka ga talabijin ta samu wuri. Ba mai buƙatar dogon bayani. Mutum yana gani da idonsa cewa abin da ake kira gargajiya bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, kowane zamani yana ɗauka yana yarwa. A Oslo, gidan tarihin jama'ar Norway ya sake gina wani benen haya, kuma ɗaya daga cikin ɗakunan da aka shirya a ciki na iyalin 'yan Pakistan ne mazauna ƙasar, yadda yake a 2002. A Ayilan, sashen rayuwar karkara na gidan tarihin ƙasa, wanda aka buɗe a 2001 a gundumar Mayo, can yammacin ƙasar nesa da Dublin, ya ɗauki shekarun 1850 zuwa 1950 ya nuna su da talaucinsu da ƙaurarsu.

Ayilan ɗin nan ta yi wani abu kuma da ya kamata kowane yanki ya kwaikwaya, don arha ne. Daga 1937 zuwa 1939 hukumar tattara al'adun baka ta ƙasar ta haɗa kai da makarantun firamare kusan 5,000, yara fiye da 50,000 suka koma gida suka tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta: yaya ake yin kaza, me ake kiran gonar can, da me ake maganin kaza, wa ya haƙa rijiyar nan. Suka rubuta a littattafan makaranta da sunan wanda ya faɗa da shekarunsa da garinsa. Shafukan sun haura rabin miliyan, kuma yau ana karanta su a intanet. Ba a gina ko ɗaki ɗaya ba kafin a yi wannan.

Nan ne zuciyar maganar take. Kayan aiki da aka raba da bayaninsa gawa ne. Ma'ajiyoyin gidajen tarihi a duniya cike suke da ƙarafa da itatuwa da aka rubuta wa "kayan noma, ba a san asali ba", kuma ba mai rai da ya san ta wane gefe ake kama su. Ranar da aka karɓi abu, ranar ya kamata a zauna da mai shi a naɗi muryarsa: wa ya ƙera, yaushe, me ake kiran kowane sashe nasa a bakin mutanen wurin, a wane wata ake amfani da shi, namiji ne yake riƙewa ko mace, ina yake sa ciwo a jiki, me ya sa aka daina. A ɗauki hoton hannunsa yana aiki da shi. Tambayar da aka fi mantawa ita ce ta mata, domin masu tarawa galibi maza ne kuma da maza suke zama, alhali daka da niƙa da ɗiban ruwa da kaɗi da renon yara da rabin aikin gona a wurare da yawa a wuyan mata suke. Gidan da ya cika da kayan maƙera da mafarauta, ya ba aikin mata lungu guda, ya karkatar da ma'auni.

Ginin da aka yi da ƙasa da ciyawa da itace ma haka yake. Ba ya tsayawa da kansa. Jinka tana son sabuntawa, bango yana son yaɓe, gara ba ta hutu. Masu tsara kasafi suna ganin wannan a matsayin asara, har wasu su ce a zuba siminti a shafa masa launin ƙasa a huta. Ni kuwa ina ganin gyaran shi ne babban abin kallon. In gidan tarihi ya ɗauki magini da mai jinka aiki, ya haɗa kowannensu da yara masu koyo, ya sanar da ranar da za a yi gyara don jama'a su zo su gani, to ya adana abin da ya fi bangon daraja. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan gadon da ba a taɓa shi da hannu, wato sani da sana'a da al'adun baka, wannan take nufi. Kuma sanin nan ba na kallo ba ne kawai. Masu zanen gine-gine da suke neman ɗakin da zai yi sanyi ba tare da lantarki ba, da masu binciken noma da suke neman irin da yake jure fari, suna komawa ga abin da mutanen karkara suka daɗe da sani.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce hujjar masu adawa mafi ƙarfi. Yankin da makarantunsa ba rufi, asibitinsa ba magani, da wane ido zai kashe kuɗi a kan tsofaffin tukwane? Tambaya ce ta gaskiya, kuma in ana nufin katafaren gini da za a ba ɗan kwangila, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, bayan shekara uku rufin ya fara zuba, to ina tare da masu adawa. Amma ba haka nagartattun suka fara ba. Isabel Grant ta fara gidan tarihin mutanen tsaunukan Sukotlan a 1935 a cikin wani tsohon coci da aka daina amfani da shi a tsibirin Iona, da kuɗinta da ƙafarta. Abin da irin wannan gida yake ci na gaske shi ne albashin mutum biyu ko uku da suka san aiki, da busasshen ɗaki, da maganin ƙwari, da littafin rajista, da kariya daga wuta. Wutar ba wasa ba ce: gidan tarihin ƙauye na Bukares ya yi gobara a 1997 da 2002, gine-gine suka ƙone. Kuɗin da za a ware na shekara shekara, ko ƙanƙane ne, ya fi gudummawar rana ɗaya komai girmanta. Wanda ba zai iya alƙawarin na shekara goma ba, kada ya karɓi kayan mutane, don a hannunsu sun fi tsira.

Ban kuma yarda a jingina komai a kan 'yan yawon buɗe ido ba. Suna kawo kuɗi, a karɓa da godiya, amma in su ne ma'auni to abin da suke so za a nuna, kuma abin da suke so rawa ce da kaya masu launi da wurin ɗaukar hoto. Ma'aunin da ya fi shi ne ko mutanen yankin suna dawowa. Shin malamin firamare yana kawo ajinsa? Shin tsoho yana kawo jikansa ya tsaya gaban wani abu ya ce ba haka muke kiransa ba, ma'aikaci kuma ya ɗauko alƙalami ya gyara? A Beamish suna da shiri na musamman ga tsofaffi masu ciwon mantuwa, ana zaunar da su a ɗaki mai kayan zamanin ƙuruciyarsu, abin da suka taɓa da hannu ya taso musu da magana. Wannan hidima ce ga masu rai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a kwamitin da yake yanke abin da za a tara da abin da za a rubuta a jikinsa, manoma da makiyaya da masu sana'a su zauna da ƙuri'a, mata a cikinsu, ba a kira su ranar biki kawai su yi kiɗa ba.

Masu cewa waya ta wadatar, a ɗauki hoton komai a zuba a intanet, su ma rabin gaskiya suka faɗa. A ɗauka, a zuba, yana da amfani ƙwarai. Amma hoto ba shi da nauyi. Yaron da ya ɗaga taɓarya sau ashirin ya ji kafaɗarsa ta amsa ya san abin da bidiyo ba zai sanar da shi ba. Shi ya sa ya kamata a raba kaya gida biyu, na asali da ake killacewa, da kwafi da maƙeran yau za su ƙera don a taɓa, a ɗaga, a gwada, in ya karye a sake.

Abu na ƙarshe shi ne wanda masu kafa irin waɗannan gidaje suka fi ƙi: a tara na yau. Jarkar roba da aka yanke aka yi guga, tayar mota da ta koma takalmi, buhun taki da aka ɗinke ya zama shimfiɗar shanya, ƙaramar waya mai tocila, faifan sola da yake caja ta, feshin maganin ciyawa da ya rage wa mutane noma ya kuma kawo nasa ciwon. Waɗannan su ne rayuwar karkara ta wannan zamani a nahiyoyi uku, kuma suna cikin halin da siket ɗin Dalarna yake a 1872: kowa yana da su, ba wanda yake ganin sun isa ajiya. Roba ma ta fi yumɓu saurin lalacewa, rana tana gasa ta ta farfashe. Kuma a yi tarawar da adalci. In abu yana aiki a gidan mai shi, kada a raba shi da shi da daɗin baki ko da sunan kishin yanki. A biya shi kuɗin da zai sayi madadinsa, a ba shi takardar shaida, a rubuta sunansa a jikin abin in ya yarda, shi da iyalinsa kuma su riƙa shiga kyauta.